Daga girki zuwa ɗumame: yadda abincin jiragen ƙasan Amurka ya lalace

1/
Zare ne mai ɗan tsawo, a gyara zama. Yau tarihin abinci za mu taɓa, amma abincin cikin jirgin ƙasa a Amurka. Yadda aka faro daga soyayyar kaza da ake miƙowa ta taga, aka kai ga tebur da farin ƙyalle da kuku huɗu a tarago guda, sannan aka gangaro zuwa ɗumame a roba.

2/
Kada wani ya ce to mene ne abin tarihi a nan. Jirgin da ke tashi daga Shikago zuwa Los Angeles yana cin kilomita sama da 3,600, awa arba'in da 'yan kai. Kano zuwa Legas ta dogo sau uku kenan har da ɗoriya. Mutumin da zai kwana biyu a tarago, maganar cikinsa babbar magana ce.

3/
Abin da nake so a riƙe tun daga nan: taragon cin abinci kusan bai taɓa kawo riba ba. Ko a zamanin da ake yi masa kirari asara ake tafkawa, masu kamfanonin sun sani, kuma da gangan suke yi. Ya fara lalacewa ne ranar da aka ware masa littafin lissafi nasa shi kaɗai, aka ce ya ciyar da kansa.

4/
Da farko dai babu abinci a jirgi sam. Jirgi zai tsaya a wata tasha ya sha ruwa ya ɗauki itace ko kwal, a ce wa fasinja kuna da minti ashirin. Sai a kwasa a guje zuwa gidan abincin tasha. Nama kamar fata, wake na jiya, kofi mai ɗaci. Ga tsada.

5/
Har ana ba da labarin cewa wasu masu gidajen abincin sukan haɗa baki da ma'aikatan jirgi. Ka biya kuɗi, an ajiye maka faranti, ka kai loma biyu sai ka ji an busa usur. Ka tashi a guje kada a bar ka. A kwashe abincin a adana wa fasinjan jirgi na gaba, a raba kuɗin.

6/
Amma akwai inda ake dacewa. A garin Gordonsville na jihar Virginia, inda layuka biyu suka haɗu, mata baƙaƙen fata ne suka riƙe cinikin, musamman bayan yaƙin basasar da ya ƙare a 1865. Su soya kaza a gida, su ɗoro tire a ka, jirgi na tsayawa su bi tagogi suna miƙawa suna karɓar kuɗi.

7/
Wanda ya taɓa bin tsohon jirgin Kano zuwa Legas ba sai an yi masa bayani ba, talla ce dai irin wadda ya sani. Da ita matan nan suka riƙe gidajensu, garin ma ya yi suna da kazar. Abin da ya kashe musu kasuwa shi ne abin da zaren nan ke magana a kai: taragon abinci, sannan tagogin da aka rufe ruf saboda na'urar sanyaya ɗaki.

8/
Mutumin da ya fara gyara abincin tasha shi ne Fred Harvey, ɗan Ingila da ya shigo Amurka yana saurayi ya fara da wanke-wanke a gidan abinci. A 1876 ya karɓi ɗakin cin abincin tashar Topeka a jihar Kansas daga hannun kamfanin jirgin Santa Fe. Daga nan ya yi ta buɗe rassa a kan layin.

9/
Tsarinsa: tun jirgi na hanya za a ƙirga masu son ci, a buga waya tasha ta gaba. Kafin a iso an shirya tebur. Minti talatin, ka ci ka ƙoshi ba gudu. Daga 1883 ya fara ɗaukar 'yan mata aikin sabis, da albashi da ɗakin kwana da dokoki masu tsauri, har suka yi suna a faɗin ƙasar.

10/
Ga abin lura. Kamfanin Santa Fe shi ke ɗaukar wa Harvey nama da ƙanƙara da kayan miya da ma'aikata a jiragensa kyauta. Don me? Don mutum ya ce in zan je yamma ta Santa Fe zan bi, can ake cin abinci na mutunci. Tun ranar farko abincin nan kuɗin tikiti ne ke ɗauke da shi.

11/
Shi kuwa taragon cin abinci na cikin jirgi, George Pullman ne ya ƙera wanda ya yi suna a 1868, ya sa masa Delmonico, sunan wani gidan abincin masu hali a New York. Amma bai yaɗu nan take ba. Tsallakawa daga tarago zuwa tarago jirgi na gudu, a sarari, ga iska ga hayaƙi, kasada ce.

12/
Sai a 1887 da aka fito da rufaffiyar mahaɗa tsakanin taragai, mace da yaro da tsoho suka iya takawa lafiya zuwa wurin cin abinci. Daga nan gasa ta kankama. Tsakanin manyan birane kamfanoni da yawa ne, kuɗin tikiti kuma hukuma na sa masa ido. To da me za ka fi abokin hamayya? Da gudu, da kuma girki.

13/
Ku ɗan hango cikin taragon. Kicin ɗin wani siririn lungu ne, faɗinsa bai kai taku uku ba. A ciki kuku uku ko huɗu, murhun gawayi, tukwane a kan wuta, jirgi na jijjiga yana shan kwana. A waje tebura na mutum 36 zuwa 48, masu sabis kamar shida, da shugabansu. A haka za a ciyar da ɗaruruwa sau uku a yini.

14/
Kuma girki ne na gaske, daga ɗanye. A gasa burodi a ciki, a gasa nama a ciki. Kaya ana saye a hanya: inda aka ratsa yankin kifi a ɗauki kifi, inda aka ratsa gonakin 'ya'yan itace a ɗauka. Kowane kamfani da abin da yake taƙama da shi.

15/
Northern Pacific da dankali ya yi suna. Manoman kwarin Yakima suna da wasu dankalin turawa ƙatta da kasuwa ta ƙi, wai sun yi girma ba sa dahuwa. Shugaban sashen abincin kamfanin, Hazen Titus, ya gano yadda za a gasa su a hankali. Daga 1909 aka fara sayar da guda, mai nauyin kusan kilo, a kan santi goma. Kamfanin jirgi sukutum ya koma tallar kansa da dankali.

16/
Baltimore and Ohio ya sa aka yi masa shuɗin tangaran na musamman a 1927 da ya cika shekara ɗari. Santa Fe ya sa Mary Colter ta zana wa jirginsa Super Chief farantai da zanen tukwanen mutanen Mimbres na dā. Yau masu tara kayan tarihi rububin su suke yi.

17/
Wata al'ada da ke ba ni dariya: mai sabis ba ya karɓar oda da baki. Fensir da takarda za a ajiye maka, kai za ka rubuta abin da kake so da hannunka. Ba gata ba ne fa, rashin yarda ne. Kamfani na tsoron kada ma'aikaci ya sayar da abinci ya soke kuɗin a aljihu, to takardar nan ce shaida.

18/
Duk da haka lissafi ba ya fita. Tarago ne mai nauyi da ba ka sayar da kujera ko ɗaya a cikinsa, ga ma'aikata goma ko fiye da za ka biya ka ciyar ka kwanar. Kamfanoni suka ɗauke shi kuɗin talla. Attajirin da ya ji daɗin naman da ya ci a jirginka, gobe ta layinka zai aiko da kayan masana'antarsa, kuma a dakon kaya kuɗin yake.

19/
Yanzu ga ɓangaren da masu begen zamanin dā ba su cika son a taɓo ba. Su wa ke tsaye a gaban murhun nan? Su wa ke ɗauke da tiren? Mafi yawansu baƙaƙen fata ne, 'ya'ya da jikokin bayi. Shugaban tarago mai riƙe kuɗi kuwa kusan kullum farar fata ne.

20/
Aiki tun kafin asuba har dare ya raba, albashi kaɗan, sauran a jira tukuicin fasinja. A jirage da dama babu wurin kwanan ma'aikata, in an tashi sai a haɗa kujeru da tebura a shimfiɗa katifa a nan inda aka ci abinci. Ƙawar da ake yabo, rabinta arahar guminsu ce.

21/
Thurgood Marshall, baƙar fata na farko da ya zama alƙali a Kotun Ƙolin Amurka, ya yi sabis a taragon abinci yana ɗalibi. Malcolm X ma yana matashi ya yi wanke-wanke a kicin ɗin jirgi, sannan ya yi tallar burodi da kofi tarago-tarago tsakanin Boston da New York.

22/
Kuma abin takaicin, a jihohin kudu wanda ya dafa ba shi da ikon zama ya ci kamar kowa. A 1942 wani ma'aikacin gwamnatin tarayya baƙar fata, Elmer Henderson, ya hau jirgin Southern Railway daga Washinton da tikitin babban aji. Ya je cin abincin dare.

23/
Teburan da aka ce na baƙaƙe ne, biyu na kusa da kicin, turawa sun zauna a kai. Akwai kujerar da ba kowa, aka hana shi. Aka ce ya koma mazauninsa a kai masa, ya ƙi. Har aka cire taragon da dare bai ci ba. Ya kai ƙara. Kamfani ya sake doka: tebur goma na farare, ɗaya na baƙaƙe, da labule a tsakani.

24/
Shekara takwas ana shari'a. A Yunin 1950 Kotun Ƙoli ta ce labulen nan ya saɓa wa dokar sufuri tsakanin jihohi. Ku riƙe wannan, don za mu dawo kansa: an yi zamanin da sai da aka je kotu kafin kowane fasinja ya samu damar zama a teburin nan.

25/
Sai dai lokacin da ƙofa ta buɗe wa kowa, gidan ya fara rushewa. A 1956 gwamnati ta sa hannu a dokar gina manyan tituna tsakanin jihohi. A 1958 jirgin sama samfurin Boeing 707 ya fara jigila. Tafiyar kwana biyu ta koma awa biyar. Attajirin da ake wa girki don ya kawo kaya ya koma sama.

26/
Ma'aikata kuma sun kafa ƙungiyoyin ƙwadago, albashi ya ɗan zama na mutane, kuma haka ya kamata. Amma ka ga ƙafafu biyun da abin ke tsaye a kai, talla da arahar ma'aikaci, duk sun karye lokaci guda. A 1967 gidan waya ya janye yawancin wasiƙunsa daga jiragen fasinja, kuɗin da ke rufa wa layuka da yawa asiri.

27/
Daga nan wasu kamfanonin so suke kawai su rabu da fasinja, amma doka ta ce sai hukuma ta yarda kafin ka soke jirgi. Hukuma kuma sai ta ga babu masu hawa. To ya za ka yi mutane su daina hawa? Ka taɓa musu ciki.

28/
Southern Pacific ya fi kowa suna a wannan. Ya cire taragon abinci a jirage ya sa tarago mai injinan jefa kuɗi: ka saka sulalla, gwangwani ko burodi a leda ya faɗo. Har a jirgin Sunset, New Orleans zuwa Los Angeles, tafiyar kwana biyu. Taragon kwana ma ya cire.

29/
Aka yi ta ƙorafi har gaban hukumar sufuri. A 1970 aka daidaita: kamfani zai dawo da abinci da wurin kwana, shi kuma a bar shi ya rage jirgin daga kullum zuwa sau uku a mako. Sama da shekara hamsin kenan, kamfanin ma ya shuɗe, amma jirgin Sunset Limited bai koma kullum ba. Da kwana huɗu aka sayi abincin.

30/
Ba duka suka yi haka ba, a faɗi gaskiya. Santa Fe ya riƙe mutuncinsa har ƙarshe. Amma a 1970 Penn Central, babban kamfanin gabas, ya karye. Gwamnati ta kafa Amtrak, ya karɓi jiragen fasinja ranar 1 ga Mayun 1971, da tsofaffin taragai da tsofaffin kuku.

31/
A 1974 Santa Fe ya dubi yadda Amtrak ke tafiyar da Super Chief ya ce a'a, ku cire sunanmu, wannan hidimar ba ta kai ba. Dole aka sauya wa jirgin suna. Sai a 1984 suka yarda aka dawo da rabin sunan, ya zama Southwest Chief. Kamfanin da ya bar sana'ar ne fa ke kishin sunan.

32/
Matsalar Amtrak ita ce ba shi da dakon kaya da zai rufe asarar kicin. Ubangidansa Majalisar Dokoki ce, ita ke ba shi tallafi duk shekara. Ɗan majalisa kuwa ba ya son a ce kuɗin haraji ake soya wa wani nama da shi. A 1981, zamanin tsuke bakin aljihu na Reagan, aka sa a doka cewa Amtrak zai sayar da abinci ne kawai in cinikin ya biya kuɗin da aka kashe.

33/
Ku duba fa. Abin da manyan kamfanoni masu zaman kansu suka kasa yi a shekara ɗari, lokacin da jirage ke cike kuma ma'aikaci ba shi da tsada, shi aka ɗora wa kamfanin gwamnati da doka. Nan take aka rage kuku, aka kwashe tangaran da ƙyallen tebur, aka kawo farantin roba da abincin da aka dafa a wani wuri.

34/
Fasinja suka yi ca. Graham Claytor, tsohon shugaban Southern Railway da ya karɓi Amtrak a 1982, ya dawo da girki sannu a hankali. A shekarun nan ne kuma aka haɗa kuɗin abinci cikin tikitin masu ɗakin kwana. Wannan ƙaramin sauyin shi ya rikita lissafin har yau.

35/
Ga yadda yake. Ka biya kuɗin ɗaki mai tsada, abinci na ciki. To nawa daga kuɗin nan za a rubuta a shafin kicin, nawa a shafin tikiti? Akawu ne ke yankewa. In ya rubuta kaɗan, kicin ya yi "asara". Kuma babu shafin da ke nuna mutum nawa ba za su sayi ɗakin ba da a ce babu abincin.

36/
Daga nan abin ya zama kamar zazzaɓin damina, ya tafi ya dawo. Wajen 2005 zuwa 2006 Majalisa ta sake matsawa, aka fito da tsarin "sauƙaƙa" hidima: a rage ma'aikata, a kawo abinci dafaffe a ɗumama, a koma roba. Bayan 'yan shekaru aka ɗan sassauta a wasu jiragen.

37/
A 2012 ɗan majalisa John Mica na jihar Florida, shugaban kwamitin sufuri, ya kira zama a kan maganar. Alƙaluman da aka baje: asarar sama da dala miliyan 800 a sashen abinci cikin shekara goma. Burodi da nama da ake sayarwa dala 9.50, wai yana cin wa Amtrak dala 16. Har gaban McDonald's ya je ya tara 'yan jarida.

38/
Ba na cewa babu ɓarna. Masu binciken Amtrak da kansu sun sha kama sata da almubazzaranci a sashen. Amma kwatancen bai yi ba. Yaron McDonald's in ya tashi aiki gida zai tafi. Kukun jirgi kwana da kwanaki yana hanya, a biya shi, a ba shi makwanci, kuma kwastomominsa ba su wuce waɗanda ke cikin jirgin ba.

39/
A 2014 aka fara da ƙananan abubuwa: furen kan tebur, jaridar safe, ɗan cakulan da ake ajiyewa a ɗaki. A 2015 aka cire taragon abinci ɗungurungum daga Silver Star, New York zuwa Miami, tafiyar sama da awa talatin. Fasinja suka juya sunan jirgin da turanci ya koma mai nufin yunwa.

40/
A Disambar 2015 Majalisa ta sa wa'adi: shekara biyar, a kawar da asarar abinci gaba ɗaya. A cikin dokar kuma aka ce kada a kori ma'aikaci ko ɗaya saboda haka. Mafi yawan kuɗin kuwa albashi ne. Kamar a ce maka rage nauyin buhu amma kada ka taɓa hatsin.

41/
A 2017 aka kawo Richard Anderson, tsohon shugaban kamfanin jiragen sama na Delta, ya jagoranci Amtrak. Mutum ne da ya san lissafi, kuma a zamaninsa asarar kamfanin ta ragu ƙwarai, wannan ba a musu. Amma abinci a wurinsa shi ne abin da ake miƙa maka a tire a sararin sama.

42/
1 ga Yunin 2018: jiragen Lake Shore Limited da Capitol Limited, masu zuwa Shikago daga gabas, aka sallami kicin. Masu ɗaki aka ba su abinci mai sanyi a kwali. Da surutu ya yi yawa aka ƙara kala ɗaya mai zafi. A Oktoban 2019 aka faɗaɗa tsarin zuwa Crescent, Cardinal, City of New Orleans da Silver Meteor.

43/
Sunan da suka sa masa wai cin abinci "mai sassauci". Ma'anarsa a aikace: abinci daskararre daga kamfanin kwangila, ma'aikaci ɗaya ya ɗumama ya miƙo a roba da murfi. Karin safe kuwa kayan leda. Ɗumame dai, sai dai namu na gida ya fi shi, don aƙalla an san wadda ta tuƙa.

44/
Hujjar da suka bayar ce ta fi ba mutane haushi. Wai matasan yanzu ba sa son zama tebur ɗaya da baƙo, sun fi son su ci a ɗaki da wayarsu. Ajiyar da aka ce za a yi kuwa kamar dala miliyan biyu a shekara, a kamfanin da ke juya biliyoyi.

45/
Zaman da baƙon nan kuwa shi ne abin da da yawa ke hawa jirgin dominsa. Tebur na mutum huɗu ne, in kai kaɗai ne za a haɗa ka da uku da ba ka taɓa gani ba. Manomi da farfesa, sojan da ya yi ritaya da ɗalibi, 'yan ɗariƙar Amish da ba sa hawa jirgin sama. A Amurka wuraren da ake irin wannan haɗuwar ba su da yawa.

46/
Kuma ga inda nake so a tuna Henderson. A sabon tsarin, masu tikitin kujera an hana su shiga taragon abinci kwata-kwata, ko da kuɗinsu a hannu. Na masu ɗaki ne kawai. Ba na cewa daidai yake da wariyar launin fata, ba ɗaya ba ne. Amma labule ya dawo, wannan karon tikiti ne ya rataya shi.

47/
Mai kujera, wanda shi ne mafi yawa a jirgin, shi ne mai sauka a ƙananan garuruwan da ba su da filin jirgin sama, an bar shi da ɗan kantin jirgi: burodi da tsiran turawa, taliyar kofi, lemon kwalba. Kwana ɗaya ko biyu a haka. Masu dabara su taho da ƙunshinsu daga gida, an koma gidan jiya.

48/
Da korona ta zo a 2020 aka shimfiɗa ɗumamen har jiragen yamma masu kwana biyu. Auto Train kaɗai ya tsira, mai ɗaukar mutane da motocinsu daga Virginia zuwa Florida. Da yawa sun ɗauka shi kenan an binne taragon abinci.

49/
Sai ga shi a Yunin 2021 girki ya dawo a jiragen yamma: California Zephyr, Empire Builder, Southwest Chief, Coast Starlight, Sunset Limited. Kuku, naman da aka gasa a ciki, ƙyallen tebur. A Nuwamban shekarar Biden ya sa hannu a babbar dokar gina ƙasa, a cikinta aka goge sharaɗin nan na 1981. Shekara arba'in cif yana aiki, kuma ba a taɓa cika shi da gaske ba.

50/
Daga baya aka fara barin masu kujera su shiga in akwai wuri, su biya: dala 20 karin safe, 25 na rana, 45 na dare. Ba kuɗin talaka ba ne, amma dai ƙofa ta buɗe. A 2023 girki ya koma jiragen Florida ma.

51/
Amma tsugune ba ta ƙare ba. Har zuwa 2024 jirage irin su Crescent, Cardinal, City of New Orleans da Lake Shore Limited suna kan ɗumame. Kuku da aka sallama ba sa dawowa da sa hannu a takarda, sai an ɗauki sababbi an koya musu girki a lungun da ke rawa. Taragan yamma kuma na tun 1979 ne da na tsakiyar shekarun 1990, sun tsufa.

52/
Wani abu kuma: a 2010 Amtrak ya ba kamfanin CAF kwangilar sababbin taragai 130, a ciki har da na cin abinci 25, kowanne da cikakken kicin, don jiragen gabas. Aikin ya yi jinkiri na shekaru. Suna isowa ana rufe girki a gabas ɗin. Wasu aka jera su a yadi suna shan rana. Wanda aka maƙala wa Lake Shore Limited ya zama falon masu ɗaki, sabon kicin ɗinsa kuma aikinsa ɗumama roba.